Girgizar ƙasa a Legas: abin da aka sani, da shirin da ya dace da gidajenmu

Tun bayan motsin ƙasar da aka ji a unguwar Mpape ta Abuja a watan Satumba na 2018, wanda ya sake dawowa a Satumban 2024, mazauna Legas ke tambayar ko abin zai iya zuwa nan. Hotunan da suka fito daga Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, inda mutum fiye da 50,000 suka rasu, da na Maroko a Satumban 2023, sun ƙara wa tambayar nauyi. A majalisun Agege da Idi-Araba da Mile 12 amsa iri biyu ake yawan ji. Wasu na cewa Najeriya ba ƙasar girgiza ba ce, Allah Ya tsare mu, a bar maganar. Wasu kuma na tura saƙon murya a WhatsApp cewa masana sun ce rana kaza teku zai haɗiye Lekki. Kowace amsa ta kauce wa abin da aka sani, kuma tsakaninsu akwai maganar da ta shafi ɗan haya da ɗan kasuwa da mai gadi kai tsaye.

Me ke motsa ƙasa?

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Ya kasu zuwa manyan falalen dutse da ke tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara. Inda biyu suka haɗu sukan tokare juna, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, sai ranar da dutsen ya kasa jurewa ya zame a kan wata tsaga da ke cikinsa. Wannan zamewar ita ce girgizar ƙasa. Mafi yawan manyan girgizoji a bakin iyakar falalen suke aukuwa, shi ya sa Japan da Indonesiya da Turkiyya da Chile ba sa rabuwa da su. Najeriya kuwa tana can cikin falalen Afirka, nesa da iyakokinsa: na yamma yana tsakiyar tekun Atlantika, na arewa yana wajen Bahar Rum, gabashin nahiyar kuma shi ne ke da babban kwarin da ke tsagewa ta Habasha da Kenya.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa a labarai. Na farko shi ne girman girgizar, wato makin da ake faɗa, wanda jama'a suka saba kira ma'aunin Richter. Lissafinsa ba na ɗaya, biyu, uku ba ne: ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Girgiza mai maki 6 ta fi mai maki 4 ƙarfi kusan sau 1,000. Na biyu shi ne tsananin jijjigar da mutum ya ji a inda yake, kuma wannan ya danganta da nisansa da inda abin ya taso, da zurfinsa a ƙasa, da irin ƙasar da gidansa ke kai. Girgiza ɗaya takan bar wata unguwa lafiya lau, ta rusa maƙwabciyarta.

Abin da tarihi ya rubuta a wannan yanki

Kasancewa nesa da iyaka ba ya nufin babu tsagogi a ƙarƙashinmu. Akwai tsofaffi, kuma wani lokaci sukan motsa. Wadda masana Najeriya suka fi ambata ita ce tsagar Ifewara zuwa Zungeru, wadda ta taso daga jihar Osun ta miƙe arewa har jihar Neja. A cikin teku kuma akwai dogayen tsagogi da suka doso gaɓar Afirka ta Yamma, irin su Romanche da Chain da Charcot, kuma akwai masu ganin cewa ƙarfin da ke ratsowa ta cikinsu ne ke tayar da na kan tudu.

A ranar 22 ga Yuni, 1939, girgiza mai maki sama da 6 ta auka wa Accra, ta kashe mutum 17, an kuma ji ta a Legas da Ibadan, alhali tsakanin Accra da Legas akwai kusan kilomita 400. A 1984 ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode da kewayenta, wato maƙwabtan Legas na kusa. An ji wani motsin a Ibadan a 1990, da wani a 2000 a sassan Kudu maso Yamma. Na ranar 11 ga Satumba, 2009, wanda ya taso daga wajen Allada a Jamhuriyar Benin da maki 4 da 'yan kai, an ji shi a sassan Legas da Ogun da Oyo. A Arewa ma mutanen Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna ba su manta da Satumban 2016 ba.

Duk waɗanda suka taso a cikin Najeriya ƙanana ne. Iyakarsu tsaga bango da firgita jama'a. Amma yankin ya taɓa ganin babba: a Disamban 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin ƙasar Gini, wurin da ba a lissafa shi cikin wurare masu haɗari ba kafin ranar.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu cewa a kwantar da hankali suna da hujja mai ƙarfi. A duk tarihin da aka rubuta, girgizar ƙasa ba ta taɓa rusa wani gari a Najeriya ba. Irin yanayin da ke haifar da girgiza mai maki 8 ko 9, inda falale ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin wani, babu shi a gaɓarmu. A ganinsu, jihar da ke fama da ambaliya kowace damina da gobarar kasuwanni da haɗarin tankokin mai ba ta da dalilin karkatar da kuɗinta zuwa bala'in da ƙila ba zai zo ba a zamanin jikokinmu.

Masu cewa a yi shiri ba su musanta wannan ba. Abin da suke nunawa shi ne gajartar tarihin da ake dogaro da shi. Tsagar da ke tsakiyar falale takan yi ɗaruruwan shekaru, har dubbai, tana kwance kafin ta motsa, rubutaccen tarihin motsin ƙasa a Najeriya kuwa bai kai shekara 100 da kyau ba. Tashoshin auna motsin ƙasa, waɗanda Cibiyar nazarin siffar ƙasa da motsinta da ke Toro a jihar Bauchi da Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ke kula da su, ba su da yawa idan aka dubi faɗin ƙasar. Suna kuma tunatarwa cewa a gari irin Legas ba sai girgiza ta kai maki 7 za ta yi ɓarna ba. Wadda ta rusa Agadir ta Maroko a 1960, ta kashe mutum fiye da 10,000, ba ta kai maki 6 ba. Ta dai taso ne dab da garin, kusa da saman ƙasa, ta tarar da gine-gine marasa ƙwari.

Akwai kuma muhawarar hannun ɗan Adam. Bayan abin da ya faru a Mpape a 2018, hukumar babban birnin tarayya ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. Wasu masana sun ɗora laifin a kan waɗannan ayyuka, wasu sun ce tsaga ce ta motsa da kanta. A Legas dai illar yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka fi tabbatarwa ita ce lotsawar ƙasa a hankali, wadda kan tsaga bango ta karkatar da gini ba tare da wata girgiza ba.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, abin da ya fito shi ne yiwuwar ƙarama ce amma ba sifili ba, ɓarnar kuwa in ta zo za ta iya yin yawa. Dalilin hakan yana saman ƙasa fiye da ƙarƙashinta.

Yashi, fadama da benaye

Legas gari ne na ruwa. Victoria Island da Lekki da Ajah da sassan Ikoyi da Apapa a kan yashi da laka da fadamar da aka cike suke zaune, Banana Island da Eko Atlantic kuwa cikowa aka yi daga ruwa. Irin wannan ƙasa mai laushi tana ƙara wa jijjiga ƙarfi, tana kuma tsawaita ta. Misalin da injiniyoyi ke kawowa shi ne birnin Mexico a 1985: girgizar ta taso fiye da kilomita 300 daga birnin, amma unguwannin da aka gina a kan tsohon tafki su suka fi rushewa. Waccan girgizar mai maki 8 ce, ba irin wadda ake tsammani a nan ba, sai dai halin ƙasa mai laushi ɗaya ne a ko'ina.

Yashin da ya ƙoshi da ruwa yana da wata matsalar ta daban. Idan aka jijjiga shi da ƙarfi yakan saki jiki ya koma kamar kunu na ɗan lokaci, ginin da ke kansa ya lotsa ko ya kwanta gefe guda ko da ginshiƙansa ba su karye ba. Manyan benayen da aka kafa wa turakun kankare masu zurfi har zuwa ƙasa mai tauri sun fi tsira daga wannan. Gidan da aka aza harsashinsa a kan bola da yashin ciko, kamar yadda ake yi a unguwannin talakawa na bakin ruwa, shi ne abin ji. Wuraren da ke kan tudu mai jar ƙasa, irin su Ikeja da Agege, sun fi samun sauƙi ta wannan fuska.

Amma babbar maganar ita ce ta ginin kansa. A shekarar 2010 girgiza mai maki 7 ta auka wa Haiti, gwamnatin ƙasar ta ce waɗanda suka mutu sun haura 200,000. Bayan 'yan makonni mai maki 8.8 ta auka wa Chile, ƙarfinta ya ninka na Haiti sau ɗaruruwa, mutanen da suka mutu kimanin 500 ne. Chile na da dokar gini da ake bi, Haiti ba ta da ita.

Legas kuwa gine-gine na faɗuwa a cikinta ƙasa na kwance lafiya. Masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun ya rushe a Satumban 2014 da mutum 116. A Maris na 2019 wani bene mai makaranta a samansa ya faɗi a Ita Faaji da ke tsibirin Legas, aka rasa mutum 20, da yawansu yara. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na Ikoyi ya zube, ya kashe fiye da mutum 40, akasarinsu ma'aikata. Dalilan da ake samu a irin waɗannan rushe-rushe ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa aikin lebura: a rage siminti, a sa rodi siriri inda ya kamata a sa mai kauri, a yi kwaɓi da yashi mai gishiri wanda ke cinye rodi da tsatsa, a cire katakon dakin, wato rufin kankare na bene, kafin kankaren ya yi ƙwari, a ƙara hawa biyu a kan harsashin da aka yi don hawa ɗaya.

Ginin da aka yi bisa ƙa'ida ma akasari an lissafa shi ne ya ɗauki nauyin da ke danna shi daga sama da bugun iska. Girgiza kuwa gefe da gefe take kaɗa shi. Nan ne wasu siffofin da suka zama ruwan dare a Legas ke zama haɗari. Ɗaya shi ne benen da aka fasa bangayen ƙasansa aka mayar shaguna ko wurin ajiye mota, aka bar nauyin hawa uku a kan 'yan ginshiƙai. Wani shi ne barandar da ta zarce waje da yawa. Sai tankunan ruwa a kan rufi: tankin lita 1,000 idan ya cika nauyin ruwansa tan ɗaya ne, kuma sau da yawa biyu ko uku ake jerawa a kan ƙarfen da mai walda ya haɗa da ido. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, Legas na da hukumar kula da gine-gine, LASBCA, da ɗakin gwajin kayan gini na jiha. Takarda ba ita ce ta yi ƙaranci ba.

Abin da ke hannun ɗan haya

Mafi yawan Hausawan Legas ba su da ta cewa kan yadda aka zuba ginshiƙi. Ɗaki suka kama a gidan haya mai dogon zaure, ɗakuna na kallon juna, ko shago a kasuwa, ko kuwa suna gadi a kangon da ba a gama ba, su kwana a ciki. Shirin da ya dace da su shi ne wanda ba ya cin kuɗi sosai, kuma yake da amfani ko girgiza ba ta taɓa zuwa ba.

Farkonsa duba gida kafin a biya kuɗin shekara. Siririyar tsaga a filasta ba abin tashin hankali ba ce. Waɗanda ake gudu su ne tsagar da ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda ke ƙara faɗi wata bayan wata, tsaga a jikin ginshiƙi ko a ƙarƙashin dakin, kankaren da ke ɓantarewa har rodi mai tsatsa ya fito, daɓen da ya lotsa, da ƙofar da ta daina rufuwa ba don kumburin damina ba. Sabon fenti a tsohon bene yakan ɓoye da yawa cikin waɗannan, don haka tambayar tsofaffin 'yan haya ta fi tambayar dillali amfani. Gidan da hukuma ta yi wa jan rubutu a bango, arharsa ba riba ba ce.

A cikin ɗaki, abin da ke raunata mutane a matsakaiciyar girgiza shi ne kayan da ke faɗowa. Doguwar durowar kaya da kabad na kwanuka ana iya ɗaure su da bango da ƙaramin ƙarfe da kusoshi. Akwatuna masu nauyi su koma ƙasa, masu sauƙi su hau sama. Kada a rataya madubi ko katon agogo ko talabijin a saitin kan mai barci, musamman inda yara ke kwana. Tukunyar gas ta tsaya a inda ba za ta kife ba, kowa a gidan ya san yadda ake rufe ta da inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya. Jarkar fetur ta janareta ba ta da wurin zama a zaure ko ƙarƙashin matakala. Masu shaguna a Mile 12 ko Alaba da ke jera buhuna da katan har rufi su dubi inda yaron shago ke shimfiɗa tabarmarsa da dare.

Sai hanyar fita, wadda a Legas ita ce aka fi sakaci da ita. Tsoron ɓarayi ya sa kowace taga an yi mata ƙarfe, ƙofar gida ɗaya ce, da dare a garƙame ta da kwaɗo, makullin na wajen mutum ɗaya. Zauren da ya kamata a bi an cika shi da risho da bokitai da babur. Gyaran wannan ba ya buƙatar injiniya, yarjejeniya ce tsakanin 'yan haya: makulli fiye da ɗaya a wurin da manya suka sani, zaure a buɗe, taga ɗaya aƙalla mai ƙarfen da ke buɗuwa daga ciki. Ranar gobara ma wannan ne zai fitar da mutane.

Ƙaramar jaka a kusa da ƙofa ta wadatar: tocila, ruwan sha, maganin da wani a gidan ke sha kullum, 'yan kuɗi a hannu saboda ranar da na'urar cire kuɗi ba ta aiki, da kwafin katin shaida da takardun haya a cikin leda. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. Iyali su tsayar da wurin haɗuwa, fili ko harabar masallaci da ba ta kusa da dogon gini, su kuma ajiye wani ɗan uwa a gida Arewa wanda kowa zai aika wa saƙo, domin a irin wannan lokaci layukan waya kan cushe, gajeren saƙo ya fi kira saurin wucewa.

Lokacin da ƙasa ke motsi

Jijjiga takan ɗauki daƙiƙoƙi ne, da wuya ta wuce minti ɗaya ko biyu. Shawarar da hukumomin agaji na ƙasashen da suka saba da abin ke bayarwa ita ce mutum ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari ya riƙe ƙafarsa, in babu tebur ya raɓa da bangon ciki nesa da taga ya kare kai da wuya da hannuwansa. Wanda ke kan gado ya zauna a nan ya rufe kai da matashi. Ba a shiga lifta, ba a tsalle daga bene, ba a rububin matakala ana cikin jijjiga.

A nan ma akwai saɓani. An tsara wannan shawara ne don wuraren da ake sa ran ginin zai tsaya, kaya ne kawai za su zubo. Wasu masana na ganin wanda ke ɗakin ƙasa na gini mara ƙwari, ƙofa na kusa da shi, fili kuma na gabanta, fita ta fiye masa. Matsalar ita ce a yawancin unguwannin Legas abin da ke gaban ƙofa ba fili ba ne, lungu ne mai katanga da wayoyin lantarki da barandar maƙwabta, kuma bakin gini shi ne inda bulo da gilashi ke zubowa. Kowane gida sai ya dubi yanayinsa tun kafin ranar. Mai tuƙi ya gangara gefe ya tsaya, ba a kan gada ko ƙarƙashinta ba.

Bayan ta lafa a fita a natse da takalmi a ƙafa. In an ji warin gas kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin wuta. Ƙananan jijjiga kan biyo baya, su ne ke ƙarasa ginin da ya riga ya tsage, don haka ba a komawa ɗauko kaya. Wanda gini ya danne ya rufe hanci da baki da tufafi, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfe ko bango. Ihu na ƙarar da ƙarfi, yana kuma cika ƙirji da ƙura.

Firgici da jita-jita

Legas ta taɓa ganin abin da ruɗani ke yi. Ranar 27 ga Janairu, 2002, rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi ta fashewa, gidaje suka yi ta jijjiga, jama'a suka fantsama ba su san abin da suke gudu ba. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, mafi yawansu ba fashewar ce ta kashe su ba, a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka nutse. Har yau idan tagogi suka kaɗa a Legas, abin da ya fi kusa shi ne fashewar gas ko bututun mai, kamar ta Abule Ado a Maris na 2020, ko injin kafa turakun gini a maƙwabta, ko wucewar tirela.

Babu wata hukuma ko na'ura a duniya da ke iya faɗin ranar da girgizar ƙasa za ta auku. Abin da Japan da Mexico ke da shi gargaɗi ne na daƙiƙoƙi kaɗan bayan girgizar ta riga ta taso. Duk saƙon da ya ambaci rana da sa'a ƙarya ne. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan bala'in Haiti, irin wannan saƙo ya fitar da ɗimbin mutanen Ghana daga ɗakunansu cikin dare, suka kwana a fili, ba abin da ya faru.

Wa zai ɗauki nauyin gyara?

Ɗaure durowa ba ya hana bene faɗuwa. Ƙarfafa ginin da ya riga ya tsufa aiki ne na injiniya, mai tsada, kuma mai gidan da ya yi shi a kan kuɗin haya zai fanshe. Rusa gine-ginen da suka lalace, wanda LASBCA ke yi lokaci zuwa lokaci, yana ceton rai, amma yana jefa 'yan haya a titi da kuɗin shekararsu a hannun mai gida, kuma wannan ne ke sa mutane su ga tsaga su yi shiru. A sabon gini lissafin ya fi sauƙi: gwada ƙasa kafin a haƙa harsashi, matse zobban rodi a inda ginshiƙi ya haɗu da dakin, da ɗaure bango da kankare a samansa ƙari ne kaɗan a kan kuɗin aikin gaba ɗaya. Masu gina masallatai da makarantun Islamiyya da kuɗin taimakon jama'a, inda akan ƙara hawa duk lokacin da kuɗi suka samu, su ne suka fi buƙatar a nuna wa injiniya harsashin farko kafin a aza na sama, domin a nan ne ɗaruruwan mutane ke taruwa lokaci guda.